Watanda

Ni na ja layin.
A biro na biyu, can ƙuryar ofis a Tawa,
fanka na juyi ba ta kawo iska,
taswira shimfiɗe kamar fatar da za a jeme.
Mutum biyu suka zo bayan lisha,
ɗaya da shadda mai sheƙi, ɗaya da takardun ƙidaya.
Suka ce, Nomau, hannunka ba ya rawa,
bi da shi nan.

Na bi da shi.
Ya tashi daga gindin dutse, ya ratsa fadamar albasa,
ya kauce wa kasuwar Lahadi kamar wanda ake bi bashi,
ya komo baya ya kwashi ƙauyuka uku masu yi musu guɗa,
ya zubar da biyar masu tsaki.
Ko macijin da aka taka wa wutsiya
bai yi wannan murɗiya ba.

Maƙiya an tura su rumbu guda,
su ci kujera ɗaya, ta ishe su.
Saura an watsa su kamar tsaba gaban kaji,
kaɗan nan, kaɗan can, ko'ina ba su kai ba.
Da can mu ke zaɓen ɗan majalisa.
Yanzu shi ke zama da shayi a hannu
yana tsince mu kamar mai sayen awaki.

A Tudun Kalgo layin ya bi ta tsakar gidan goggona Tsahara,
ɗakin kwananta a mazaɓa ɗaya, rumbunta a wata.
Damina biyu famfon garin a mace.
Ta je wa na gabas, ya ce ke ta yamma ce.
Na yamma ya sa tabarau, ya ce maimaita sunan ƙauyen.
Ba ta san hannun wa ba ne.
Ta dama mini fura, har da ƙarin nono.

Jajibirin salla na tsaya kallon watanda.
Tankari mahauci ya kasa sa gida goma sha huɗu,
tsoka, ƙashi, ɗan hanta, ɗan tumbi,
sai ya goge wuƙa ya ja gefe.
Aka kira yaro ya ba naman baya,
ana nuna kashi yana faɗin suna.
Abin da ya rage shi ne na Tankari.
Shi ya sa idonsa ya fi sikeli.

Yanzu Malama Zali ta lakwal
tana yawo da takarda a bayan babur ɗin ƙanenta,
tana neman yatsu: a tambayi jama'a, i ko a'a,
a karɓe alƙalami daga hannun masu takara,
a ba wanda ba shi da kaso a tukunya.
'Yan cirani na aiko murya daga Abijan, a sa da mu.
Wasu sun ce takardar za ta je Yamai
ta kwana a durowa har gara ta karanta ta.
Tsoho Arzika ya ce, to, su masu rabon, wa zai zaɓo su?
Zali ta daɗe tana kallon ƙasa.
Ta ce, Baba, wannan ma sai mun zauna.
Ya dangwala duk da haka.

Jiya ta iso kaina.
Tawadarta ta bushe, rana ta shanye.
Na shiga ɗaki na ɗauko tawa,
jar nan da nake aiki da ita.
Na danna babban yatsa ƙasan na Tsahara.
Ta ce, kai, naka ya fito raɗau.
Ban ce komai ba.

Gobe Litinin.
An ce wata taswirar na jirana a teburi,
kuma albashin nan shi ke sayen geron gidanmu.
Na sa magogi a aljihu, kusa da alƙalami.
Duk daren nan ina jin su suna gogar juna.